Yadda Ake Bin Sawun Makamashi Daga Ƙwayar Halitta Zuwa Gonar Gero

A yawancin makarantunmu na sakandare ana koyar da darasin ƙwayar halitta a wani zango, darasin sarƙar abinci kuma a wani zangon daban, ta yadda ɗalibi zai haddace sunayen sassan ƙwaya saboda jarrabawar WAEC ko NECO, ya kuma haddace cewa fara tana cin gero, ƙadangare yana cin fara, amma har ya kammala makaranta bai gane cewa zance ɗaya ake yi masa ba. Ƙarfin da shaho yake tashi sama da shi ya shigo cikin masu rai ne ta wasu ƙananan ɗigogi koraye da ke cikin ƙwayoyin ganye, kuma ana iya nuna wa yaro wannan hanya da idonsa, daki-daki, cikin kamar mako biyu. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne daga watan Satumba zuwa farkon Oktoba, sa'ad da aka dawo hutu, gonaki na nan kore shar, kududdufai ba su ƙafe ba, fara kuma ta yawaita.

Abu ɗaya da ba makawa sai an nemo shi ne madubin ƙara girma, wato maikiroskof, ko da guda ɗaya ne ga aji gaba ɗaya, tare da gilasan ɗora samfur da siraran gilasan rufi. Sauran kayan ba su da wuyar samu: albasa, sabuwar reza, matsefata, ruwan aidin, gishiri, sifirit, auduga, ma'aunin zafi, fulas uku, waken shuka, gyaɗa, da igiya. Tun ranar farko a shuka wake a gwangwanaye uku ko huɗu, domin za a buƙaci ganyensa a mako na biyu.

Da albasa ake farawa, saboda fatar da ke manne a cikin kowane ɓawonta mai nama jeri ɗaya ce tak ta ƙwayoyi, haske yana ratsa ta ba tare da an sha wahalar yanka ba. A raba albasa huɗu, a ɓare ɓawo ɗaya daga tsakiya, a karya shi ta baya, za a ga wata siririyar fata mai kama da leda ta ɗago daga gefen da ya lotsa. A kama ta da matsefata a ja a hankali, a yanki ɗan guntun da bai kai girman farcen ƙaramin yatsa ba, a shimfiɗa shi a kan ɗigon ruwa ɗaya da aka riga aka zuba a tsakiyar gilashi. Idan fatar ta naɗe, a warware ta da bakin allura, domin duk inda ta ninku ƙwayoyi za su hau kan juna, hoton ya cakuɗe. Daga nan a ɗiga aidin ɗigo ɗaya, a jira kamar minti biyu, sannan a kafa gefen gilashin rufi a bakin ruwan, a tallafe ɗaya gefen da allura, a kwantar da shi sannu a hankali. Wannan kwantarwar ita ce wurin da ɗalibai suka fi yin gaggawa, kuma sakamakon gaggawar shi ne kumfar iska. Na sha ganin ɗalibi ya zana wata da'ira mai kauri da baƙin baki a littafinsa, ya rubuta mata sunayen sassa cikin tsanaki, alhali kumfa ce ya zana. Ya kamata malami ya nuna wa kowa kumfa da gangan tun farko, don su san kamarta.

Wajen dubawa, a fara da ƙaramin gilashin na'urar mai lamba 4 ko 10. Ana samun adadin girman da aka ƙara ne ta hanyar ninka lambar gilashin ido da lambar gilashin ƙasa: 10 sau 4 ya ba da 40, 10 sau 10 ya ba da 100, 10 sau 40 ya ba da 400. Idan na'urar mai madubin juyawa ce, a karkata shi ya ɗauko hasken taga, amma kada a kuskura a fuskantar da shi ga rana kai tsaye, domin hakan na iya lalata ido. A sauke gilashin ƙasa kusa da samfur ana kallonsa ta gefe, sannan a sa ido a riƙa ɗagawa har hoto ya fito; wanda ya sauke yana leƙe ta sama shi ne yake fasa gilashi. A kuma faɗa wa yara cewa hoton a juye yake, idan suka tura gilashi dama za su ga ya tafi hagu.

Abin da zai bayyana jeri ne na dogayen ɗakuna masu kusurwa, kamar tubalin da aka jera a gini, kowane tsawonsa bai kai rabin milimita ba. Layin da ya kewaye kowane ɗaki shi ne bangon ƙwaya, wanda aka gina da wani zare mai tauri da ake kira selulos, irin zaren da ke cikin auduga. Ɗigon da aidin ya rina ya yi ruwan ƙasa, galibi a jingine da bango, shi ne cibiyar ƙwaya, inda bayanan gado suke ajiye. Filin tsakiya da ake gani kamar babu komai a cikinsa jaka ce cike da ruwa, ita ce take tura komai zuwa gefe. Robert Hooke na Ingila, wanda ya fara bayyana irin waɗannan ɗakuna a shekarar 1665 bayan ya duba siririn yankin ɓawon bishiyar da ake toshe kwalba da shi, bangaye kawai ya gani, domin ƙwayoyin da ya duba matattu ne, kuma sunan da ya ba su a Turance, wato cell, ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin ƙaramin ɗaki. Sai a shekarun 1838 da 1839 ne Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka tsayar da maganar cewa tsirrai da dabbobi duka da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su.

Akwai tantani siriri a manne da bangon ta ciki, wanda shi ne yake tantance abin da zai shiga da abin da zai fita, amma ba a ganinsa sai an raba shi da bangon. Domin haka a sake haɗa wani samfur da fatar jar albasa ta bayan ɓawo, mai launin shunayya, ba tare da aidin ba. A ɗiga ruwan gishiri mai kauri a gefe ɗaya na gilashin rufi, a taɓa ɗaya gefen da takarda mai shan ruwa don ta jawo shi ciki. Cikin mintuna kaɗan launin zai tattare zuwa tsakiyar kowace ƙwaya, ya bar fili tsakaninsa da bango, saboda ruwa ya fita ta tantanin zuwa inda gishiri ya fi yawa. Idan aka maye gurbin ruwan gishirin da ruwa zalla, ƙwayoyin za su sake cika. Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a yankakken tumatir ya ga ya tsatso ruwa, ya riga ya ga wannan aiki a babban sikeli.

Don kwatantawa da ƙwayar dabba, ɗalibi ya goga tsaftatacciyar auduga mai tsinke a cikin kumatunsa, ya shafa a gilashi, a rina da shuɗin metilin idan akwai, a duba da girma 400. Ƙwayoyin ƙanana ne, ba su da tsayayyar siffa domin ba su da bango, amma cibiyarsu tana fitowa sarai. Kowa ya yi amfani da audugarsa, a jefa ta cikin ruwan bilic bayan an gama.

Yanzu sai a yi wa aji tambayar da za ta buɗe sauran aikin: albasa tsiro ce, to me ya sa ba a ga kore ko ɗaya a ƙwayoyinta ba? Amsar ita ce kan albasa a ƙarƙashin ƙasa yake girma, rumbu ne na ajiyar abincin da ganyenta na sama ya haɗa. Don a ga inda ake haɗa abincin, a ɗebo gansakukar nan mai santsi da ke yin zare-zare a saman kududdufi, a ɗora zare biyu ko uku a ɗigon ruwa, a duba. Sau da yawa za a dace da nau'in da ake kira Spirogyra, wanda a cikin kowace ƙwayarsa akwai koren ƙyalle da ya murɗe kamar igiya. Wannan shi ne kuloroflas, kuma a ganina babu samfurin da ya fi shi jan hankalin yara, domin ko wanda bai damu da darasin ba sai ya nemi a bar shi ya sake leƙawa. A ganyen gero ko na wake kuloroflas ƙananan ɗigogi ne masu yawa a kowace ƙwaya, amma aikinsu ɗaya ne: sinadarin kulorofil da ke cikinsu yana kama hasken rana, a yi amfani da ƙarfin hasken a haɗa ruwan da saiwa ta jawo da iskar kabon dayoksaid da ta shiga ta ƙofofin ganye, a samar da sukari, iskar oksijin kuma ta fita. Jan Ingenhousz, likita ɗan ƙasar Holan, shi ne ya nuna a shekarar 1779 cewa koren sassan tsiro ne kaɗai suke fitar da wannan iska, kuma sai a cikin haske.

Ba a barin wannan magana a matsayin abin da malam ya faɗa. Gwada ta ake yi da waken da aka shuka. Idan ya yi ganye masu faɗi, a sa gwangwani ɗaya a cikin kabad mai duhu na tsawon awa 48, domin tsiron ya cinye sitacin da ya tara a ganyensa, tunda sukarin da ganye ya haɗa sitaci yake mayar da shi ya ajiye. A fito da shi da safe, a rufe tsakiyar ganye ɗaya sama da ƙasa da baƙar takarda, a maƙale ta, a ajiye tsiron a rana na awa huɗu zuwa shida. Sannan a tsinke ganyen, a cire takardar, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti ɗaya don ƙwayoyin su mutu, tantaninsu ya saki. A kashe wutar gaba ɗaya kafin a buɗe kwalbar sifirit, wannan sharaɗi ne da ba a sassauta shi, domin tururinsa na kama wuta daga nesa. A sa ganyen a ƙaramar kwalbar gwaji, a zuba sifirit ya rufe shi, a tsayar da kwalbar cikin ruwan zafin da aka sauke. Sifirit yana tafasa a kusan digiri 78, saboda haka zafin ruwan ya ishe shi. Sifirit ɗin zai koma kore, ganyen ya yi fari ya yi tauri. A ɗauraye shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, a shimfiɗa a farin faranti, a ɗiga aidin. Inda rana ta taɓa zai koma shuɗi mai duhu kamar baƙi, alamar akwai sitaci a wurin, inda takarda ta rufe kuma ya tsaya ruwan ƙasa, har siffar takardar ta fito. Kada a yi wannan gwaji da ganyen albasa, domin ita sukari take tarawa a maimakon sitaci, aidin ba zai nuna komai ba.

An ga inda makamashi ya shiga, saura a auna shi. A auna nauyin ƙwayar gyaɗa ɗaya busasshiya, a soke ta a bakin doguwar allura, a zuba ruwa mililita 20 a kwalbar gwaji a rubuta zafinsa. A kunna gyaɗar, a riƙe ta a ƙarƙashin kwalbar har ta ƙone ƙurmus, idan ta mutu a sake kunnawa, sannan a motsa ruwan a sake auna zafi. Da jul ake auna makamashi, kuma ana buƙatar jul 4.2 kafin a ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa, wato mililita ɗaya, da digiri ɗaya, saboda haka lissafin shi ne nauyin ruwa sau 4.2 sau yawan digirin da ya ƙaru. A ce ruwan ya tashi daga digiri 28 zuwa 58: 20 sau 4.2 sau 30 ya ba da jul 2,520. Giram ɗaya na gyaɗa yana ɗauke da kusan jul 24,000, don haka gyaɗar da ta kai rabin giram ya kamata ta ba da wajen 12,000. Ɗalibai za su ga lissafinsu ya gaza ƙwarai, kuma bai kamata a ɓoye wannan giɓi ba, a tambaye su ina sauran ya tafi. Za su ambaci zafin da ya bi iska, da wanda ya ɗumama gilashin, da baƙin hayaƙin da ya manne a gindin kwalba wanda bai gama ƙonewa ba. Wannan amsar tasu ita ce za a dawo gare ta bayan an dawo daga gona. Idan akwai ɗalibin da jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa, a yi amfani da busasshen biskit, a kuma buɗe tagogi.

Jikin mai rai ba ya ƙona abinci da harshen wuta. A cikin ƙwayoyin tsirrai da na dabbobi akwai wasu sassa da ake kira maitokondiriya, inda ake warware sukari sannu a hankali tare da oksijin, a juya ƙarfinsa zuwa wani sinadari mai suna ATP wanda ƙwaya take kashewa wajen motsi da girma da gyaran jiki, kabon dayoksaid da ruwa su fita, wani kaso kuma ya tafi a matsayin zafi. Maikiroskof ɗin makaranta ba zai nuna su da kyau ba saboda ƙanƙantarsu, amma ana iya kama zafin da suke fitarwa. A jiƙa wake kwana ɗaya, a raba shi uku. Kashi na farko a bar shi da ransa, a ɗauraye shi a ruwan bilic mai rauni. Kashi na biyu a dafa shi ya mutu, ya huce, shi ma a ɗauraye shi a bilic. Kashi na uku a dafa, ya huce, amma kada a sa masa bilic. A zuba kowane a fulas ɗinsa zuwa rabi, a tura ma'aunin zafi cikin waken, a toshe baki da auduga don iska ta riƙa shiga, a riƙa rubuta zafi safe da yamma har kwana biyar. Fulas na farko zai ɗumama yayin da waken ke tsirowa, na biyu zai tsaya yadda yake, na uku kuma zai yi shiru da farko sannan ya fara ɗumi da wari, domin ƙwayoyin bakteriya da fumfuna sun sauka a kan mataccen waken suna cin sa. Ɗan manomi zai gane wannan nan take, don ya san hatsin da aka zuba a rumbu bai gama bushewa ba yana yin zafi, ya kuma san tururin da ke tashi idan aka tone juji.

Sai fita gona, bayan an nemi izinin mai ita. A je da sassafe, lokacin da ƙwari ba su yi ƙarfin tashi ba, kowa da takalmi rufaffe saboda maciji da kunama. A kafa turaku huɗu a zagaye su da igiya, mita ɗaya ta kowane gefe, a yi haka a wurare biyar ko fiye, kuma a zaɓi wuraren ta hanyar jefa dutse ta baya, don kada yara su riƙa zaɓen inda ya fi kyau a ido. A kowane fili a ƙirga tsirrai, gero da ciyawa duka, a ƙirga masu cin ganye irin su fara da tsutsa da buzuzun ganye, a ƙirga masu cin su irin su gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi. Ƙadangare da tsuntsaye ba sa zama a cikin igiya, don haka a ware ɗalibai biyu su zauna shiru a inuwa na rabin awa suna rubuta duk wanda suka gani da abin da yake ci: jan baki a kan zangarniya, balbela tana bin shanu tana tsintar farar da suka tayar, shaho yana shawagi. A kuma ɗaga busasshen kara ko kashin shanu a duba gara da sauran masu cin matattun abubuwa.

Da aka dawo aji a haɗa alƙaluman a zana su hawa-hawa, tsirrai a ƙasa, masu cin tsirrai a kansu, masu cin nama a sama, faɗin kowane hawa daidai da yawansa. Siffar da za ta fito ita ce ta dalar gyaɗar Kano ta da, gindi mai faɗi da kai tsini. Charles Elton ɗan Ingila ya bayyana wannan dala ta yawan halittu a shekarar 1927, sannan Raymond Lindeman, wanda ya yi shekaru yana nazarin wani ƙaramin tafki a jihar Minnesota ta Amurka, ya fassara ta da lissafin makamashi a wani rubutu da ya fito a 1942. Daga aikinsa ne aka samo ƙa'idar da ake koyarwa cewa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na makamashin wani hawa yake zama jikin hawan da ke samansa. A gaya wa ɗalibai cewa wannan matsakaicin ƙiyasi ne, a zahiri yakan yi ƙasa da haka ko sama. Da shi za a yi lissafin misali: idan gero ya tara kilojul 10,000 (kilojul ɗaya jul dubu ne), fara za ta gina jikinta da kusan 1,000, ƙadangare 100, shaho 10. A nan ne za a tuna musu da gyaɗa da fulas. Fara ba ta cin saiwa da kara, abin da ta ci ma ba duka take narkarwa ba saboda taurin bangon selulos ɗin nan da suka gani a albasa, abin da ta narkar kuma mafi yawansa maitokondiriyarta suna ƙona shi wajen tsalle da tashi da numfashi, ya fita a matsayin zafi. Shi ya sa sarƙar abinci ba ta cika wuce hawa huɗu ko biyar ba, shi ya sa kuma ɗaliban da suka zauna a inuwa suka ga fara ba adadi amma shaho ɗaya ko biyu.

Wani lokaci dalar ƙirga takan fito a juye, misali idan aka ɗauki bishiyar kuka ɗaya da dubban ƙwarin da ke rayuwa a kanta. Idan haka ta faru a koma ga nauyi: a yanke duk ciyawar da ke cikin fili ɗaya, a shanya ta har ta daina rage nauyi, a auna, a kwatanta da nauyin ƙwarin da aka kama a filin. Dalar makamashi ita ce ba ta taɓa juyewa.

Aikin ƙarshe shi ne kowane ɗalibi ya zana saƙar abinci ta gonar da ya ziyarta da sunayen halittun da shi kansa ya gani, ya sa mutum a cikinta, tunda mai gonar yana cin geron kai tsaye, yana kuma cin akuyar da ta ci karan. Wajen duba zanen, malami ya lura da abubuwa uku da ake yawan kuskurewa. Kan kibiya yana fuskantar mai ci ne, daga gero zuwa fara, domin hanyar makamashi take nunawa. Daga kowane hawa dole a ga kibiya ta gangara zuwa ga gara da fumfuna da bakteriya, waɗanda suke mayar da sinadaran gawa da kashi cikin ƙasa har saiwa ta sake ɗaukar su a damina mai zuwa. Daga kowane hawa kuma, har da na masu ruɓar da gawa, a zana wata kibiya da jan biro wadda ta fita daga zanen gaba ɗaya ba ta dawo ba, a rubuta mata zafi, sannan a saman takardar a zana rana da kibiya ɗaya mai shiga ganyen gero, a gefenta ɗalibin ya sake zana ƙwayar Spirogyra da ya gani a maikiroskof, ya nuna kuloroflas ɗin da hasken ya sauka a kai.